Muryar Mama a Rufe

Ranar da ya fara ganinta, tana zaune a ɗakin jira na kamfanin, riƙe da katin layi mai lamba tara. Shi injiniya ne a sashen ajiyar bayanai, karɓar ƙorafi ba aikinsa ba ne. Jan idanunta ne ya tsayar da shi.

"Mamata ta rasu bara," ta ce. "Da tana jinya ta riƙa naɗar muryarta tana ajiyewa a asusunta na intanet da ke kamfaninku. Ba mu san lambar sirrin ba. An ce za ku goge."

Gaskiya ne. Kamfanin ya yanke shawarar share duk asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba, don rage nauyin ajiya. Saura kwana arba'in, kuma da hannunsa ya rubuta manhajar gogewar.

Daga neman bayani aka koma gaisuwa, daga gaisuwa zuciya ta yi halinta. Lamba Tara yake kiranta. Sai dai babanta, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya shafa wa idonsa toka. "Masu cinikin sirrin mutane ba za su shigo mini gida ba."

Ana saura kwana goma ta turo saƙo: "Injiniyana, kai fa kana da mabuɗi. Ka ɗauko mini kawai, wa zai sani?"

Ya amsa: "Lamba Tara, ni zan sani. In na buɗe na Mama yau, babu asusun da ya tsira a hannuna. Ki ba ni lokaci."

Ta daina ɗaga wayarsa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

A taron shugabanni ya nemi a ba magada hanyar karɓar ajiyar mamatansu. Manaja ya ce matattu ba sa kawo riba. Ya kafe, har aka janye ƙarin girman da aka yi masa alkawari. Ana saura kwana biyu suka amince, da sharaɗin a kawo takardar rasuwa da sa hannun magaji.

Da ya aika mata takardar sa hannun, ta kai wa babanta, ta kuma nuna masa saƙonnin nan biyu. Ya daɗe yana kallon wayar.

"Shekara talatin ina raba wasiƙu ban buɗe ko ɗaya ba," ya ce, "har da waɗanda abokin takarata yake aiko wa mamarki. Ce masa ya turo manyansa."

Ta ƙi sauraron muryar sai bayan ɗaurin aure. Da ta zo kunnawa a falon babanta, ango ya miƙe zai ba su wuri.

Baba ya ce, "Zauna, ɗana. Yanzu kai ma namu ne."

Muryar ta fito a hankali, da tari a tsakani. "Auta, in ranar aurenki ta zo ba na nan, kada ki yi kuka da yawa, kwallinki zai ɓaci. Allah ya yi muku albarka, ke da shi, ko wane ne shi."

Baba ya share hawaye da bakin rigarsa. Ango ne ya ce amin.