Shirun Tawfiq a Bakin Teku

"Ka ce wani abu mana."

Hamdiya ta tsaya cak a gefen titin bakin teku, gumi yana bin ƙasan hijabinta. Tawfiq ya tsaya bayanta kaɗan, ya dafa gwiwoyinsa, kansa a ƙasa. Masu gudun safiyar Lahadi sai wuce su suke yi.

"Tun daga unguwar Bè nake zuba kamar rediyo, kai ko uhm. Laifi na yi maka?"

Ya ɗaga mata hannu bai ɗago kai ba.

Ita kuwa gani ta yi korarta yake yi.

Ta juya ta kama hanyar Zongo ita kaɗai, tana goge ido da bakin hijabi...

A wannan titin suka haɗu bara. Ita a shagon atamfar mahaifiyarta take wuni a kasuwar Adawlato, zama ya ishe ta, ta fara fitowa gudu bayan sallar asuba. Sai ta fizga da ƙarfi kamar an biyo ta, kafin a yi nisa ta zube a kan yashi tana haki. Ranar da ya fara yi mata magana, tambayarta ya yi ko karen wa ta tsokana. Ta harare shi, ya yi dariya, ya ce shi ɗan zemijan ne, mai haya da babur, babur ɗinsa ma in aka murɗe shi tun farko haka yake mutuwa a hanya.

Shi ya koya mata ta fara a hankali, ta ajiye ƙarfinta sai ƙarshe. Wata rana kuma su yi ɗan gajeren gudu mai zafi daga wannan bishiyar kwakwa zuwa waccan, su taka a ƙafa, su sake. Amma babbar dokarsa ɗaya ce. Ya ce in mai gudu ya kasa yin magana, to ya wuce ƙarfinsa.

Don haka sai ya riƙa sa ta hira suna gudu, wai yana auna numfashinta.

Ta ba shi labarin matan da ke sa a sauke musu rabin shago su tafi ba su saya ba. Ta ba shi labarin rasuwar babanta, wanda ba ta taɓa ba kowa ba. Shi kuma ya yi ta kwaikwayon fasinjojinsa har ta ce zai sa ta faɗi. A cikin gudun nan ya fara ce mata sheri, wato masoyiya, a ciki ta fara amsawa.

Yayanta Salifou bai so ba. Ya ce ƙanwarsa ba za ta ƙare a bayan babur ba, da yaron da ko makaranta bai gama ba. Mahaifiyarsu ce ta ce a bar shi ya turo. Kawunnansa suka kawo goro, aka karɓa, Salifou yana hura hanci.

Gudun Hamdiya ya yi ta kyau. Ƙungiyarsu ta masu gudu ta sa ranar tseren kilomita biyar, ta ce ita ma za ta shiga.

A lokacin ne Tawfiq ya fara shiru.

Yana zuwa kullum, yana gudu a kafaɗarta, amma babu labarin fasinja, babu tsokana. In sun gama sai ya ce yana da aiki, ya hau babur ya tafi.

Hanane, wadda gidansu ke jikin na su Tawfiq, kuma ta riga Hamdiya shiga ƙungiyar, ita ta same ta a shago bayan wannan Lahadin. Ta juya atamfa biyu, ta tambayi kuɗin ɗaya, sannan ta ce ba ta so ta faɗa ba, amma duk Alhamis tana ganinsa da wata a unguwar Adakpamé.

"Da ita kam bakinsa ba ya rufuwa, ƙawata."

Da yamma Hamdiya ta ce wa Salifou ya mayar musu da goronsu.

Bai tambaye ta dalili ba. Ya tafi da kansa, ya kuma ƙara da maganganun da ba ta aike shi da su ba, a gaban mahaifiyar Tawfiq da maƙwabta.

Tawfiq ya kira ta har ya gaji. Ba ta ɗauka ba.

Ranar tsere ta tsaya a layi, babu Tawfiq a gefenta. 'Yan mata suka fizga, ta bar su suka tafi. Bayan rabin hanya ta fara tsince su ɗaya bayan ɗaya, har da Hanane, wadda ta riƙe ciki a gefen titi. Ba ta taɓa yin gudu irin na ranar ba.

Tana shan ruwa Baba Alassani, dattijon ƙungiyar, ya zo ya yi mata barka. Ya tambaye ta ko ta je ta duba yaron nan.

Ta ce babu abin da ya haɗa su yanzu.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gaya mata zuciyar Tawfiq ce ta kumbura, tun kafin azumi likita ya hana shi gudu. Duk Alhamis asibiti yake zuwa a Adakpamé, malamar asibitin ce ke rako shi bakin titi, duk layinsu an sani. Shi da kansa ya yi masa faɗa, yaron ya ce in ya bar ta ita kaɗai za ta koma fizgar farko, bari dai a yi tseren.

"'Yata, ke da ya koya wa abin da shirun mai gudu yake nufi, ke ce ba ki gane ba?"

Robar ruwan ta suɓuce daga hannunta.

A gidansu aka ce mata sun tafi tasha, mahaifiyarsa za ta kai shi gida Dosso, can Nijar. Ta same su motar tana lodi. Yana zaune a kan buhu, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga.

Ta durƙusa gaban mahaifiyarsa, Mma Aminata, da kayan gudunta.

"Mma, ki yi mini rai. Ni na yi kuskure. A dawo da goron, ko yau ne a ɗaura..."

Matar ba ta dube ta ba. Ta ce an kira ɗanta ɗan tasha a ƙofar ɗakinta, ranar ko tashi ba ya iya yi. Ta rantse babu ita babu gidan su Hamdiya, kuma ba za ta yi kaffara ba.

Hamdiya ta juya gare shi.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da kin daina..." Ya ja numfashi. "Kina ta kyau, sheri."

"Zan jira ka."

Ya girgiza kai, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa. Da aka kira fasinja, Hamdiya ce ta ɗaukar masa jaka har bakin mota. Mma Aminata ta karɓa, suka shiga.

Bayan babbar salla, Hamdiya tana shago da rana, wata lambar Nijar ta kira ta.

Muryar Mma Aminata ce, ta dushe. Ta ce an kai shi jiya bayan la'asar.

"Ya sa na yi masa alkawari ni zan gaya miki da bakina. Ya ce ya yafe miki. Ni ban yafe ba tukuna, 'yar nan. Amma ina roƙon Allah Ya ba ni iko."

Wayar ta katse.

Wata mata tana tsaye da atamfa a hannu, tana tambaya ko wannan tana zuba. Hamdiya ta buɗe baki za ta ba ta amsa, mahaifiyarta ta taso daga ciki ta karɓi atamfar, ta ce wa matar ta yi haƙuri ta dawo gobe, yau an yi musu rasuwa.