Mai Duba Lamba Talatin da Biyu

Littafin awona kawai na koma ɗaukowa a ɗakin gwaji, ana gab da magariba. Gaskiya dai, shafi ɗaya na je yagewa.

Dokar Malam ita ce kowane awo a yi shi sau uku, a rubuta rahoto, a tura a shafin aji na intanet, kwamfuta ta raba wa kowa na wani ya duba, babu suna sai lamba. Ni sau ɗaya na auna, hannuna ya zarce wurin ɗiga asid, ruwan kwalbar gwajin ya yi ja, awon ya ɓaci. Sauran biyun daga kaina na ƙirƙiro su, suka fito tsaf kamar 'yan biyu. An taɓa kama ni da kwafe bara. In aka sake, kora ce.

Da la'asar sharhin mai duba ya shigo wayata: "Sau ɗaya kika auna. Ina wurin." A ƙasa an sa Lamba 32.

Baba mai kula da ɗakin yana alwala a bakin baranda. Ya miƙo min makulli ya ce, "Ki yi sauri, 'yata. Ba a daɗewa a ciki war haka."

Ɗakin na warin asid da jiƙaƙƙen tsumma. Famfon kusurwa na ɗiga. Na sami littafin a aljihun tebur, na kama shafin.

Ƙofa ta rufe a hankali, yadda mai ladabi ke rufewa.

Na murɗa hannun ƙofar, na jijjiga, na kira Baba. Ina hango shi ta gilashi yana shafar kai, taku biyar tsakaninmu, bai ko waiwayo ba. Tagogin duk da ƙarfe.

Kwamfutar teburin Malam ta kawo haske. Rahotona ne a buɗe. A gurbin sharhi haruffa na fitowa ɗaya bayan ɗaya, maɓallai na lotsawa babu yatsa.

"Ki auna."

A teburina an riga an cika bututun awo, kwalba na ƙarƙashinsa. Na auna. Ruwan ya zarce, ya yi ja.

"Sake."

Na duba, kwalbar ta koma fara tas. Na sake. Na sake. Hasken taga bai ƙaru ba, bai ragu ba. Baba na nan da hannu a ka.

Sai na lura famfon ya daina ɗiga. Wani yana numfashi a bayan wuyana, a natse, irin na mai karanta ma'auni.

"Me kake so?" na raɗa.

Takardar littafina ta juya da kanta zuwa shafin. Lamba ɗaya tak, ita kaɗai a saman layi.

Na koma gaban kwamfutar. Na ja kujera, na goge ƙirƙirarrun lambobin, na rubuta: "Malam, sau ɗaya na auna. Sauran ƙarya ne." Na tura.

Ƙofa ta buɗe. Baba ya sauke hannu ya fara wanke ƙafa.

"Har kin fito?" in ji shi.

Malam bai kai ni gaban kwamiti ba, tunda ni na kawo kaina, amma ya ce zan maimaita darasin baɗi. Da na tambaye shi waye Lamba 32, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke, ku talatin da ɗaya ne a ajin nan."

Bayan mako guda shafin aji ya turo min rahoton da zan duba. Na Lamba 32 ne, shirye tsaf, yadda Malam ke so. Abin da aka gwada: ɗaliba ɗaya, a rufaffen ɗaki. Awo na farko: ta faɗi gaskiya bayan minti arba'in da ɗaya.

Gurbin awo na biyu da na uku ba a cike su ba tukuna.