Mararrabar Ɗan Jirgin Sharfuddeen

Yammacin da abin ya faru, babu wanda zai ce ya ga alamar komai. Lokacin sanyi ne a Madina, rana ta karkata bayan baƙaƙen duwatsun Harra ta Yamma. Safiyatu na tsakar gida tana tsince shinkafa, surukarta Inna Ƙaltume kuma na kan darduma da carbi tana jiran kiran magariba. Maigidan, Sharfuddeen, shi kaɗai ne ba a gani. Sai ka leƙa ɗakin ƙasa za ka tarar da ƙafafunsa biyu sun fito daga ƙarƙashin wani faffaɗan allo, kamar bakanike a gindin mota.

Sharfuddeen mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, kuma hannunsa na da kyau. Kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina. Shi kuwa ya tashi yana wasa a tsohuwar tashar Anbariyya, inda kawunan jiragen ƙasa ke tsaye cikin tsatsa, bai taɓa ganin ɗaya ya motsa ba. Shi ya sa da wani Bature mai barin Jidda ya sa akwatunan ɗan jirgin wasa a kasuwa, mutumin naku ya kwaso su duka, da layin dogon da taragogin da ƴar tashar. Inna ta dube shi ta ce furfura ta fara fito wa wasu, hankali dai yana hanya. Ya yi dariya ya ci gaba da kafa ƙusa.

Mutum ɗaya ce a gidan ta ɗauki abin da muhimmanci: Murja, ƴarsa tilo, mai shekara goma sha ɗaya, wadda aka samu bayan an kusa fid da rai. Irin yaran nan ce na Madina, ka yi mata Hausa ta ji sarai, ta mayar maka da Larabci.

Jirgin ya daɗe yana zagayawa. Abin da ya rage shi ne mararraba, wurin da layi ke rabuwa biyu, inda wasu siraran ƙarafa ke matsawa dama ko hagu su zaɓa wa jirgi hanya. Sharfuddeen ya ce ba zai riƙa tura su da yatsa ba kamar mai wasan yara. Ya huda allon daidai ƙarƙashin mararrabar, ya ɗaure ɗan matur a ciki, wato ƙaramin inji mai naɗin waya biyu da tsinken ƙarfe da ke bi ta ramin ya kama dogon. Waya ɗaya ta tafi taransifoma, biyu suka tafi maɓallai, ja na dama, baƙi na hagu. Amma wutar ta yi kaɗan. In an danna sai matur ya yi gunji ya yi zafi, tsinken ya ƙi tafiya. A ranar ne ya ciro kwandansa, wato ma'ajiyar wuta, daga wani mataccen mukayyif ya haɗa, don ta tara wuta ta sake ta gaba ɗaya, bugu guda mai ƙarfi.

Yana kwance rigingine yana ɗaure waya ta ƙarshe sai ya gan shi. Ɗan maciji ne siriri, bai fi ƙaramin yatsa kauri ba, fari-fari, ya biyo ɗumin matur ya naɗe a ramin da tsinken ke bi. Yana kallon Sharfuddeen, bai gudu ba.

Duk ɗan Madina ya san hukuncin macijin gida, kuma Inna ta sha faɗa masa tun yana ƙarami: a garin Manzo akwai aljanu da suka musulunta, suna shiga gidaje a wannan siffa. Ba a taɓa su sai an yi musu gargaɗi sau uku, a roƙe su da Allah su fita. Sharfuddeen ya sani. Sai dai ladan ya riga ya fara gyaran murya, shi kuma ransa ya kai maƙura yana son jin ƙarar nan kafin ya yi alwala. Ya ce a zuciyarsa wannan ai tana ce, ƙarar ma ta ishe shi gudu.

“Murja,” ya ce daga ƙarƙashin allon, “danna jan.”

“Dahhin, abuya? Yanzu?”

“Yanzu. Danna ki saki.”

Ta danna. Matur ya buga, tas! Dogon ya matsa dama, Murja ta yi tsalle tana tafi. A ƙarƙashi kuwa tsinken ƙarfen ya datse abin da ke cikin ramin. Sharfuddeen ya zaro shi da filaya, ya ɓoye a tafin hannu don kada yarinyar ta gani, ya fita ta ƙofar baya ya wurga shi cikin duwatsu. Ya wanke hannu ya tafi masallaci, bai gaya wa kowa ba.

Washegari da faɗuwar rana dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Baƙi ne, mai huji-huji, irin na Harra. Safiyatu ta leƙa waje za ta yi wa yaran maƙwabta faɗa, ta tarar lungun babu ko kyanwa. Na biyu ya faɗo cikin tukunya. Na uku kuwa a cikin ɗakin ƙasa ya faɗo, ɗakin da rufinsa siminti ne kuma tagarsa a kulle. Inna ta ɗauke shi, ta yar da sauri, ta ce da ɗumi.

Daga nan kowace magariba ta zama abin fargaba. Da rana gida lafiya lau. Amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida, tsuntsaye suka yi tsit, sai a ji daga ɗakin ƙasa: tas. A yi shiru mai tsawo. Tas. Sharfuddeen ya zare filogi daga bango, ya sauke wutar kwandansa, ya cire wayar taransifoma gaba ɗaya ya riƙe ta a hannu. Yana tsaye yana kallo dogon ya matsa hagu, ya dawo dama. Mutumin da ya ci abinci da wutar lantarki tun yana saurayi ya san sarai babu ko ɗigon wuta a cikin abin nan.

Inna ta dube shi ta ce, “Sharfu, me ka taɓa?”

“Ban taɓa komai ba, Inna.”

Ba ta sake tambaya ba, amma ta daina haɗa ido da shi.

Murja ta fara ƙin abinci. Ta rame, ta daina zuwa makaranta, tana yini da babban yatsanta na dama a dunƙule cikin tafin hannu, ko barci take ba ta buɗe shi. Wata magariba suka neme ta suka rasa, sai suka same ta kwance a ƙarƙashin allon, idanu a buɗe. Safiyatu ta ja ƙafarta tana kiran sunanta. Yarinyar ta juyo a hankali, ta yi magana da muryar tsohuwa, da wata tsohuwar Hausa da ko Inna rabonta da jin irinta tun rasuwar surukinta.

“Ku sakam mini ƙafa. Makoki nike yi.”

Safiyatu ta zube a wurin. Sharfuddeen bai tsaya neman takalmi ba, ya tada mota ya nufi unguwar Ƙuba ɗauko malami.

Malam Abdulsalam dattijo ne mai koyar da Alƙur'ani a wani ɗaki kusa da gonakin dabino, mutumin Abeche, ba mai yawan magana ba. Kafin su shiga gidan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Sharaɗi ɗaya, ya waladi. Ni kaɗai zan yi magana da wadda ke jikin yarinyar. Duk abin da ta faɗa, kada ka tanka. Kalmar da ta fita bakinka a gabanta, alkawari ce.”

Aka shimfiɗa Murja a tabarma gefen allon, kanta a cinyar Inna. Malam ya zauna ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Ɗakin ya yi sanyi har haƙora na haɗuwa. Da ya kai tsakiyar Ayatul Kursiyyu sai matur ya shiga bugawa ba tsayawa, dogon na kaiwa yana komowa, ƴan taragogin na rawa a kan layi. Malam bai ɗaga kai ba har ya ƙare. Sannan komai ya tsaya.

“Assalamu alaiki,” in ji shi. “Musulma ce ke?”

“Wa alaikassalam. Tun kakanka bai san alƙibla ba.”

“Daga ina?”

“Da ayarin kakan wannan muka zo. Mun sha rijiya ɗaya da su a hanya. Mun zauna ƙarƙashin gidansu ba mu taɓa zubar musu da ko kofin ruwa ba.”

“To me ya haɗa ki da yarinya?”

Bakin Murja ya yi rawa, hawaye suka gangaro ta gefen kunnuwanta. “Autana ya ji sanyi, ya tai shan ɗumi. Wannan yatsa shi ya kashe shi. Aka jefar da shi cikin duwatsu kamar ɓawon kankana. Rai da rai, malam. Kai ka san littafi.”

Inna ta ɗago ta dubi ɗanta. Sharfuddeen ya manna bayansa da bango, gumi na tsatsafo masa a cikin wannan sanyi.

“Allah ya ba ki haƙuri,” in ji Malam, kuma da gaske ya faɗa. “Za a nemo ɗanki, a naɗe shi a farin ƙyalle, a binne shi inda ƙafa ba ta takawa. Wannan haƙƙinki ne. Amma yarinya ba ta balaga ba, kuma ba ta ga abin da ke ƙarƙashin allo ba. Babu ƙisasi a kan yaro, babu a kan kuskure. In ke musulma ce, wannan hukunci ya hau kanki.”

“Kuskure,” in ji muryar, tana jan kalmar. “To wa ya gani? Ɗana bai mutu shi kaɗai ba, akwai idon da ya dube shi. In ba a nuna mini mai idon ba, yatsan da na sani shi zan riƙe. Ba ni fita. Ka ƙona ni, mu ƙone tare da ita.”

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Murja ya sandare, bayanta ya lanƙwashe ya bar tabarma, numfashinta ya koma wani ɗan siririn fito. Leɓɓanta suka fara yin shuɗi. Inna na kiran sunan Allah, Safiyatu na bakin ƙofa ta toshe bakinta da mayafi. Sharfuddeen ya ga dunƙulallen hannun nan yana bugun ƙasa, kowane bugu ya fi na baya rauni.

“Ni ne!”

“Yi shiru!” Malam ya daka masa tsawa.

“Ni na gan shi. Ya dube ni, na dube shi, na san hukunci, ban yi gargaɗi ba. Ni na ce ta danna. Hannunta aro na yi. In hannu kike so, ga na mai laifin, ki sakar mini ƴata.”

Malam ya runtse ido, ya sunkuyar da kai.

Bayan Murja ya sauka a tabarma a hankali. Muryar da ta fito yanzu babu faɗa a cikinta, gajiya ce kawai. “Ka ji, malam. Ba ni na tambaya ba, shi ya miƙo.”

“Ban yarda ba. Ki ji tsoron Allah, ki yafe, ladan ya fi miki.”

“Yarinya na yafe mata duniya da lahira. Abin da ke tsakanina da shi kuwa, ba a gabanka aka ƙulla ba balle ka kwance.”

Malam ya yi ta roƙonta, ya kawo aya, ya kawo hadisi, ba ta ƙara ko kalma a kan wannan ba. Daga ƙarshe ya sa ta rantse da Wanda ya saukar da Alƙur'ani ba za ta sake komawa jikin yarinyar ba, ita da zuriyarta. Ta rantse. Ya ce ta fita ta yatsan ƙafa, kada ta bi ta ido ko kunne. Ƙafar hagun Murja ta girgiza, ƙaramin yatsan ya miƙe ya saki. Ta ja dogon numfashi, dunƙulallen hannunta ya buɗe a kan tabarma. Daga nesa aka ji ana kiran isha.

Ta buɗe ido ta dubi fuskokin da suka kewaye ta, ta ce da ƴar muryarta ta kullum, da Larabcinta, “Abuya, moya. Ƙishi nake ji.”

Sharfuddeen ya riga kowa zuwa randa, yana kuka yana dariya. Ya kai hannun dama zai ɗauki kofi, yatsun suka taɓa shi suka ƙi rufewa. Ya sake gwadawa. Kofin ya gangara ƙasa yana ƙara, hannun kuma ya rataya a gefensa, sanyi ƙalau, kamar ba nasa ba.

Ya tsaya yana dubansa. Malam na bakin ƙofa, ya gani.

“Abuya?” Murja ta sake kira.

Ya sunkuya ya ɗauki kofin da hagu, ya ɗebo ruwan rabi na zuba, ya tura hannun daman cikin aljihun riga kafin ya shiga ɗakin. Ya durƙusa ya kai mata baki.

“Sha a hankali, uwata,” ya ce. “Babu sauri.”