Awa Ɗaya da Rabi Daga Legas

Ku gafarce ni da na ɗauki biro. Karatu kawai na sani, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma don ya ƙi barin zuciyata ne.

Ranar da Mutawakkil ya zo Kurfi gaida Inna, ni na shimfiɗa masa tabarma. Ɗan Dutsin-Ma ne mai aiki a Legas, shekara biyu yana neman Yaya Rahamatu. Kawunnanmu sun amince, Inna ce ta ƙi cewa komai.

Mun san dalili. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu a Birchi, Inna tana Fatakwal da marigayi Babanmu. Kwana biyu ta yi a mota. Ta iso an yi wanka, an kai, har an share ɗakin. Tun daga nan take cewa 'yarta ta fari, Yaya Rahamatu, ita ce za ta zuba mata ruwan wankan ƙarshe.

Mutawakkil ya sunkuyar da kai ya ce zamani ya sauya, daga filin jirgin Legas zuwa na Katsina awa ɗaya da rabi ne kacal.

“Sa'adiya, ke ce 'yar boko,” in ji Inna. “Duba mini a wayarki.”

Na duba. Kilomita ɗari takwas da ɗoriya, awa ɗaya da rabi. Na ce haka ne. Ta bayan labule na hango Yaya tana murmushi.

“To in na cika da asuba, za ta same ni?” in ji Inna.

A garinmu wanda ya rasu da asuba ba ya kai azahar a gida. Na tuna cunkoson Legas, da jiran tashin jirgi in ma akwai shi a ranar, da hanyar Katsina zuwa Kurfi.

“Ba za ta same ki ba, Inna...”

Mutawakkil bai musa ba. Ya ce ya san haka, tsoron rasa Rahamatu ne ya sa ya faɗi lokacin sama ya ɓoye na ƙasa. Yaya ta fito da hawaye ta durƙusa.

“Na haƙura, Inna. Mutawakkil, sanyin idona, ka yafe mini...”

Inna ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta faɗi abin da ba mu taɓa ji ba. Ashe kwana arba'in mahaifiyarta ta yi a kwance, duk wanda ya je Fatakwal sai ya ce mata jiki da sauƙi, don kada hankalinta ya tashi. Ta ce ba mota ce ta makarar da ita ba.

Ta juyo gare ni.

“Ke da kika iya faɗa mini gaskiya a ido, ranar da na kwanta, kada ki ce wa yayarki da sauƙi.”

Na gyaɗa kai.

“Kai kuma, ɗana, ka sako mini ita a jirgin nan ina da raina. Ka turo magabatanka.”

Yaya ta kifa fuska a cinyar Inna, Mutawakkil yana ta godiya. Ni kuwa ranar da zan kira Yaya in ce mata Inna ta kwanta kawai nake gani. Na ɗauki takalmana a hannu, na zame ta bayan rumbu, babu wanda ya waiwayo.