Tambaya ta Bakwai a Ƙofar Ɗakin Hoto

Da tsawa suka fara, ba da sallama ba. Ya turo Ummansa a keken marasa lafiya, ya doshi ɗakin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI kai tsaye, sai wata siririya mai farar riga ta sha gabansa, ta dafe keken da hannu biyu. Ta ce injin da ke ciki maganaɗisu ne da ba ya barci ko an ɗauke wuta. Da keken nan ya ƙetare jan layin da ke bakin ƙofa, da injin ya fizge shi har da tsohuwar a kai. Ta sauya wa Umma keken da ba ƙarfe, ta cire mata 'yan kunne da fil ɗin mayafi, shi kuma ta nuna masa benci.

Mutumin naku ya zauna kamar an dasa shi. Faɗan bai dame shi ba. Yadda ta durƙusa tana gyara wa Ummansa riga ne ya gama da shi.

Ya karɓi lambarta da sunan tambayar sakamako. Sakamako ya fito, tambaya ta ƙi ƙarewa.

"Likitata, yau ma zuciyata ta ƙi zama. A duba ni."

"Ni mai ɗaukar hoto ce, ba likita ba. Je ka ci abinci tukun, Sarkin Gaggawa."

Sai dai akwai ƙulli a zancen. Ranar da ta tambayi sana'arsa, ya ce yana harkar gine-gine. Alhali mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake haɗawa a wata rumfa a bakin titi. Ya ji cewa Abbanta, tsohon malamin makaranta, ya fi son ta auri ɗan abokinsa mai kantin magani, sai kunya ta ɗaure masa baki. Kullum yana cewa gobe zai faɗa mata, har wata takwas.

Ana cikin haka ciwon kai ya sa shi gaba. Likita ya rubuta masa hoton kai, kuma duk yankin injin ɗaya ne, nata. Ta miƙo masa takardar tambayoyi tana murmushi. Tambaya ta bakwai ta ce: ka taɓa aikin walda ko wasa ƙarfe? Ya tuna ranar da ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa masa ido na hagu, ya wanke da ruwa ya ci gaba da aiki. Duk da haka, bawan Allahn nan ya rubuta a'a. Wauta dai ba ta wuce wannan.

Ta karanta, ta ce ya biyo ta. Da suka kai jan layi ta tsaya, ta dube shi.

"Zan sake tambayarka da baki. Ko ƙarfen bai wuce ƙwayar yashi ba, in yana cikin ido injin zai motsa shi, kuma idon ya tafi kenan. Ka taɓa walda?"

Tsoron makanta ya kama shi, amma wallahi tsoron rasa ta ya fi.

"Ni mai walda ne," ya ce. "Shekara tara."

Aka tura shi hoton ido na daban, sai ga ɗan ƙarfen kwance a gefen idon. Likitan ido ya cire shi, ciwon kan ma da aka bincika ba wani abin tashin hankali ba ne. Abin tashin hankalin shi ne shirunta. Mako biyu yana kira ba ta ɗagawa, ya rame har Umma ta fara yi masa tsiya. Sannan saƙo ya shigo.

"Tun watanmu na biyu na ga ƙunar tartsatsi a hannunka, ina jira ka faɗa da kanka. Walda ba ta dame ni ba. Abin da ya ci min rai shi ne ka yarda in makantar da kai da hannuna. Da ka sake cewa a'a, ba zan bari ka shiga ba, amma da mun rabu a kan layin nan."

Ya karanta ya yi kuka, bai ɓoye ba. Washegari ya je wurin Abbanta da kayan aikinsa a jiki, ya durƙusa ya faɗi komai. Tsohon ya ce ba zai ba wa maƙaryaci 'yarsa ba, ya tashi ya shige ciki. 'Yar tasa ce ta yi ta bin sa da lallashi, tana cewa ƙaryar ta ƙare a gabanta, kuma ta ga abin da faɗin gaskiyar ya ci masa.

Ranar wata Laraba sai ga Abba a rumfar walda, ba sanarwa. Ya daɗe a tsaye yana kallon yadda yake haɗa wata ƙofa, ya shafa mahaɗin da yatsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya ciro sabon gilashin kariya daga aljihu ya miƙa masa.

"Sa wannan, kada ka ƙara cirewa a bakin aiki. Idon nan yanzu ba naka ba ne kai kaɗai."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Umma ta riƙe hannun amarya tana hawaye, ta ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya sa gaskiya ta zauna a ɗakinsu har tsufa. Gida ya amsa da amin, muryar ango ta fi ta kowa.