Tururuwa a Ludayi

A shekarar da motoci suka koma hannun dama, A'i ta zo goyon ciki gidan uwarta, a wata ruga bayan Kwandiko, ta haifi namiji da hantsi. Nan take uwar tata, Inna Azumi, ta tatso nonon A'i a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki. Tururuwa ta yi ta fafutuka, ta maƙale.

"Mugun nono! Kwana uku ba zai sha ba. A ba shi ruwa."

Batulu, matar Haladu ɗan Inna, na durƙushe a gefe. Watanta biyu da dawowa daga Birnin Kudu, inda ta yi kwas ɗin unguwarzoma. Matan rugar ne suka zaɓe ta, Haladu kuma ya kai ta a keke da kansa, ana yi masa dariya.

"Inna, ku gafarce ni," ta ce, kai a sunkuye. "Dakashi ne, nonon farko, kauri gare shi. Nas ɗin da ta koya mana ta ce shi ne maganin jinjiri. Ko a zuma aka jefa tururuwa, haka za ta maƙale."

"Iye! Ni da na yanke cibiyar mijinki za ki koya wa haihuwa?"

Washegari kukan yaro ya koma siriri, maɗigarsa ta faɗa. A'i ta riƙe zanen Batulu tana hawaye: "Yaya, ɗana zai tafi!" Batulu ta wanke hannu, ta ɗora mata shi a ƙirji. Bai kai ga kamawa ba Inna ta faɗo ɗakin, ta fizge shi.

Ta ƙwala wa Haladu kira. "Ko yarinyar nan ta ɗauki akwatin asibitinta ta tafi gidansu yau, ko kuwa ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Maganar nan ba ƙarama ba ce a kunnen ɗa. Haladu ya sami matarsa bayan rumbu, idonsa jajir.

"Batulu, shekara shida ban taɓa kwana da haushinki ba. Yaya zan yi?"

"Malam, kada ka saɓa wa Inna saboda ni. Zan tafi — Allah ya san ba da son raina ba." Ta ɗago kai. "Amma yaron nan ya sha kafin in fita. Kai makiyayi ne, ka fi nas sanin dakashi."

Haladu ya dube ta. Sai ya nufi garke.

Batulu ta ɗaure kayanta, tana bakin ƙofa, Haladu ya dawo da nono a ludayi. Ya tsuguna gaban uwarsa, ya tsinci tururuwa ya jefa. Ta maƙale.

"Inna, na jar saniyarki ne da ta haihu jiya. Shi ma mugu ne. In ɗaure ɗan maraƙin kwana uku?"

"Ka haukace? Maraƙin da bai sha dakashi ba ai ba ya ganin dami—"

Ta dubi ludayi, ta dubi jikanta. Can ta ce, ba ta kalli kowa ba: "Ke, sauke kayan nan. Zo ki gyara masa kwanciya, uwar ba ta iya ba."

Yaro ya kama, ya sha har ya yi gyatsa. Ran suna aka sa masa Sada.

Daga ranar, duk haihuwar da aka kira Inna, sai ta ce, "A taso mini 'yata da akwatinta."

To, 'yan mata, ku ji ni da kyau. Batulu ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma bar gaskiya ba. Ilimin da kika samo ki shigo da shi da ladabi, ki yi haƙuri da tsofaffi. Mijin da ke sonki kuwa, zai nemo hanyar tare miki ba tare da ya zubar da mutuncin uwarsa ba.