Sai Jerin Baba Ya Ƙare

Muryar Asma'u ce ta fara kama Abdulmalik, tun kafin ya ga fuskarta.

Safiyar wata Talata ce, sashen ido na asibitin koyarwa ya cika maƙil. Yana tsaye da katunan marasa lafiya a hannu yana kiran suna, kamar yadda ya saba tun da ya fara aikin nas. A bencin da ke jikin taga wata budurwa ta buɗe littafi a cinya, tana karanta wa wani dattijo mai baƙin tabarau labarin wani direban jirgin ƙasa da aka ɗora wa laifin da bai ji ba bai gani ba. In alƙali ne ke magana sai ta kausasa murya, in matar direban ce sai ta sassauta. Rabin mutanen bencin sun yi kasaƙe, har da wata tsohuwa da ta manta da ɗigon maganin da ke hannunta.

Katin dattijon ne a sama, amma gogan naku ya ƙi kira. Sai da sista ta leƙo ta daka masa tsawa, sannan ya ce, "Malam Mu'azu!" daidai lokacin da alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci. Bencin ya ɗauki guna-guni.

Da suka fito daga wurin likita ya tare su a bakin ƙofa. Sai a lokacin ya ga idanunta, ya ji abin da ya shirya faɗa ya gudu.

"Don Allah... an sake shi?"

"Wa?" ta ce.

"Direban."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaro, ba a tambayar ƙarshen littafi a bakin ƙofa. In ka matsu, ka zo Gyadi-Gyadi ka tambayi gidan Malam Mu'azu na reluwe. Bayan la'asar muke zama."

Ya kuwa matsu. Washegari ko rigar aiki bai cire ba ya je.

A can ya ji tarihin abin. Malam Mu'azu akawu ne a reluwe. Duk ƙarshen wata yakan sayi littafi, ya rubuta sunansa a wani littafin makaranta mai jan bango, ya ce sai ya yi ritaya zai zauna ya karanta a tsanake. Ritaya ta zo, hawan jinin ido ya biyo ta, gani ya tafi. Littattafai cike da kabad, mai su ba ya ganin ko bangonsu. Asma'u ce autarsa, malamar firamare a Unguwa Uku, ita ta ɗauki nauyin karanta masa. Duk wanda suka gama sai ta sa masa alama a jerin, ta rubuta layi ɗaya a gefe na abin da suka tsinta a ciki. A ƙarshen littafin kuma ta buɗe nata jerin.

"Amfaninsa me?" Abdulmalik ya tambaye ta da ta rako shi zaure. "Ba an riga an karanta ba?"

"Kai ba ka rubuta abin da ka ba mara lafiya?" ta ce. "In na duba jerin nan ina ganin inda hankalina ya bi. Ga wanda ya sa ni kuka, ga wanda ya sa na daina raina mutane. Kai wanne ka karanta bana?"

Ya sosa ƙeya. Rabonsa da littafi tun takardun jarrabawa.

"To ka zama ɗalibina," ta ce, tana danne dariya.

Kafin wata ya zagayo, ɗalibi ya faɗa son malama har wuya. An saki direban jirgin ƙasa, amma Abdulmalik bai daina zuwa ba. Saƙonni suka fara kai-komo.

"Malamata, yau sau biyu na kira sunanki a layin marasa lafiya. Sista ta ce in je a auna ni."

"Ɗalibina, ka gaya wa sista ciwon ba na ido ba ne. Ka gama babin da na ba ka?"

"Na gama. Amma a kowane shafi fuskarki nake gani."

"To ka sake karantawa, don ba ni a ciki. Allah ya bar mini kai."

Wannan layi na ƙarshe ya karanta shi har ya haddace, ya yini bakinsa har kunne.

Bai ɓata lokaci ba ya tura kawunsa neman aurenta. Kawu ya dawo yana jinjina kai.

"Mutumin nan bai ƙi ka ba, har yabonka ya yi. Amma ya ce ba zai aurar da Asma'u ba sai ta gama karanta masa abin da ya rage a jerinsa. Ni dai tun da nake neman wa yara aure ban taɓa jin irin wannan ba."

Abdulmalik kuwa ya riga ya ga jerin, abin da ya rage ya fi shafi guda.

Ana cikin haka sai ga Ahmad, ɗan aminin Malam Mu'azu, mai shagon waya a Farm Centre, wanda ya daɗe yana zagayen Asma'u. Ya ji sharaɗin, ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya kawo wata dalleliyar waya mai karanta rubutu da kanta, ya kunna a gaban kowa. Abdulmalik na gefe yana kallo.

Malam Mu'azu ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga hannu. "Tsaya! Wannan magana ta marubucin ban yarda da ita ba."

Waya ta ci gaba da zuba.

"Na ce ta tsaya!"

"Baba, ai sai an danna nan," in ji Ahmad.

"Ɗauke abarka, Allah ya yi albarka. Abin da ba zan yi gardama da shi ba ai rediyo ne, kuma ina da rediyo."

Ahmad ya tafi da wayarsa, Abdulmalik kuwa kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. A take ya durƙusa ya ce, "Baba, a ba ni izini in riƙa taya ta. In ta yi babi, in yi babi."

"Bismillah," dattijon ya ce.

Ranar farko ya sha kunya. Bai kai ƙarshen shafi ba Malam Mu'azu ya tare shi.

"Kai, labari kake karantawa ko sunan marasa lafiya kake kira? Matar nan mijinta ya rasu, ka karanta kamar ka san hakan."

Asma'u ta rufe fuska da hijabi tana dariya har da hawaye. Amma yau da gobe harshensa ya saki. Ya fara tsayawa da kansa ya ce, "Baba, wannan sarki bai kyauta ba," su kaure da musu har a kira magariba. Ya sayi nasa ɗan littafin ya buɗe jeri. A asibiti ma sista ta ce ya koyi sauraron tsofaffi, ya daina katse su.

Abin har ya so ya yi yawa. Wata rana ya yi sallama ya wuce kai tsaye tabarmar Baba, ko kallon sabon lallen Asma'u bai yi ba. Bayan ya tafi saƙo ya same shi a hanya.

"Abdulmalik, ka faɗa mini gaskiya. Ni kake so ko kabad ɗin Baba?"

Ya tsayar da babur a gefen titi ya rubuta: "Ke nake so, Ma'una. Kabad ɗin hanyar zuwa wurinki ce. Lallen ya yi kyau, na gani, kunyar Baba ce ta hana ni magana."

"Maƙaryaci. Wane hannu ne?"

"Duka biyun."

"Ka ci sa'a."

Suka dage, jeri ya riƙa raguwa, har Asma'u ta fara zaɓen ankon biki a ranta. Sai kuma Malam Mu'azu ya fara tuno abubuwa.

"Ma'u, akwai wani mai koren bango da na sayo a Zariya, na manta ban rubuta ba. Ƙara shi."

Aka ƙara. Bayan mako ya tuno wani na tarihin fatake. Suna gama ɗaya, sai biyu su shigo. Ranar da ya tuno wani mai juzu'i uku, Abdulmalik ya fita zaure ransa a ɓace.

"Ma'u, wasa Baba yake da hankalina. In ba zai ba ni ba, ya fito ya faɗa."

Idanunta suka kawo ruwa. "Mahaifina ne fa kake faɗa wa haka."

"To yaushe zai ƙare?"

"Ban sani ba! Kuma ba zan tsallake shi in tafi yana jin na gudu ba. In ka gaji, ka gaji."

Ta shige gida. Kwanaki ba saƙo, ba kira. Abdulmalik ya rame a tsaye, ko littafi ya buɗe sai ya ji muryarta a ciki ya rufe.

Ranar da ya kasa daurewa ya tashi aiki da wuri, ya isa gidan kafin la'asar, Asma'u ba ta dawo daga makaranta ba. Inna Lami, mahaifiyarta, ta amsa sallamarsa a hankali, ta nuna masa tsakar gida da haɓa. Malam Mu'azu na zaune shi kaɗai a tabarma, littafi a cinya, yana shafa bangonsa da tafin hannu. Ƙyaure ya ɗan motsa da iska, ya yi saurin ɗago kai. Da ya ji ba kowa, ya sunkuyar.

"Haka yake tun safe, kullum," Inna ta ce da ƙaramar murya. "Ni ban yi boko ba, yayyenta suna Kaduna. Duk yininsa jiran la'asar ne. Ka yi haƙuri da shi, ɗan nan. Tsoro yake ji."

Abdulmalik ya ji kunya ta rufe shi, tausayi ya cika masa ƙirji. Shi yana ta tseren ganin ƙarshen jeri, bai taɓa tambayar kansa abin da zai rage wa dattijon ba in an kai ƙarshen. Ya juya a guje ko sallama bai yi ba.

Ana idar da la'asar Adaidaita ta tsaya a ƙofar gidan. Abdulmalik ya shigo rungume da kwali, gumi na zuba, ya dire shi a gaban tabarma. Daga wurin masu tsofaffin littattafai na Sabon Gari yake. Asma'u, da ta dawo ta zauna da littafi a hannu, ta miƙe tsaye.

"Mene ne wannan?"

"Ƙari ne. Ɗauko jerin ki rubuta."

"Abdulmalik, ka haukace?"

Ya durƙusa, ya kamo hannun Malam Mu'azu ya ɗora a kan littattafan. Yatsun dattijon suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, na yi kuskure da nake so jerin nan ya ƙare. Kada Allah ya sa ya ƙare. In mun cinye waɗannan, zan kawo wasu. Gida kuma a Babban Giji zan nema, ba zan kai ta nesa ba. Ka ba ni Ma'u ko kada ka ba ni, la'asar ɗinka tana wuyana muddin ina garin nan. Ranar da nake aikin yamma ita ta zo, ranar da take makaranta in zo."

Malam Mu'azu ya cire tabarau, abin da bai taɓa yi ba a gaban Abdulmalik, ya share ido da hannun riga.

"Mai koren bangon nan," ya ce, "na san na taɓa karanta shi tun ina saurayi."

"Na sani, Baba," Asma'u ta ce tana kuka tana dariya. "Duk shafukan akwai rubutunka."

"To, Lami, kin ji. Yaron nan ya gaya wa kawunsa ya dawo. A sa rana, kuma kada a sa da nisa."

Inna ta rangaɗa guɗa tun daga bakin murhu. Asma'u ta ruga ɗaki, kafin Abdulmalik ya kai zaure wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗalibina, yau ka wuce malamarka. Ina sonka har ban san yadda zan rubuta ba."

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar, Gyadi-Gyadi ta cika da ma'aikatan asibiti da malaman firamare, har Ahmad ya zo ya yi ta ɗaukar hoto. Aka kai amarya Babban Giji cikin guɗa da addu'a.

Washegari gidan ango cike yake da 'yan'uwa da abokai. Ana kiran la'asar amarya ta yafito shi daga bakin labule, ta miƙa masa littafi.

"Ni ba dama in fita. Tashi ka tafi."

Abokai suka yi ca, wai ina aka taɓa ganin ango ya bar gida washegarin kawo amarya. Bai tsaya ba su amsa ba.

Ya tarar da tsakar gidan a share, ba tabarma. Malam Mu'azu ya hana a shimfiɗa, ya ce yau ba mai zuwa, yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa ya haɗa kai da gwiwa.

"Salamu alaikum."

Dattijon ya ɗago a firgice. "Wa nake ji? Ango? Ka bar mini 'ya ita kaɗai?"

"Ita ta koro ni, Baba."

Malam Mu'azu ya miƙa hannu. Ya laluba har ya kamo kan Abdulmalik, hula da duka, ya riƙe da hannu biyu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su zauna kusa da ku ranar da ƙarfinku ya ƙare." Ya ja numfashi, ya juya wajen kicin. "Lami! Ina tabarmar nan? Ɗana ya zo."